WAIWAYE ADON TAFIYA: TARIHIN SAUYA SHEƘAR 'YAN MAJALISA, DAGA BADUN ZUWA FATAKWAL

 

'Yan uwa mazauna Sabo, abin da ya jawo wannan rubutu wata muhawara ce da ta ɓarke a rumfar 'yan goro bayan sallar La'asar. Wani matashi ne ya ji a rediyo wai wasu 'yan majalisa sun bar jam'iyyarsu sun koma ta gwamnati, sai ya ce, "To ina dokar da aka ce ta hana?" Wani ya ce babu wata doka, wani ya ce akwai. Wani dattijo da ke gefe yana lazimi ya ɗaga kai ya ce, "Ku yara ne. Ai a garin nan aka fara wannan abin, tun ba a haifi iyayen wasunku ba." Muka ga ya kamata mu bi maganar tun daga tushe, mu ga yadda aka yi dokar, da abin da ta gyara, da abin da ta kasa gyarawa, da kuma inda ta shafe mu, mu da muke zaune a Kurmi.

ABIN DA YA FARU A BADUN A 1951

A ƙarshen shekarar 1951 aka yi zaɓen Majalisar Jihar Yamma, lokacin Turawa suna nan. Kujerun da aka zaɓa guda 80 ne. Zaɓen ba irin na yanzu ba ne, hawa-hawa aka yi shi, kuma yawancin 'yan takara da sunan ƙungiyoyin garuruwansu suka tsaya. Manyan jam'iyyu biyu ne ke neman kafa gwamnati: NCNC ta Dokta Azikiwe da Action Group ta Cif Awolowo. A nan Badun wata jam'iyyar 'yan gari mai suna IPP ta cinye kujeru shida. Mutanen Azikiwe suna lissafin shidan nan a cikin nasu. Da majalisa ta zauna a watan Janairu na 1952, sai ga Adisa Akinloye da yawancin abokansa a gefen Awolowo. Adegoke Adelabu ne ya tsaya tare da NCNC. Awolowo ya samu rinjaye, Azikiwe ya zama madugun 'yan adawa, daga baya ya tattara ya koma Jihar Gabas, inda ya zama Firimiya a 1954.

Har gobe ana gardama a kan wannan rana. Mutanen Azikiwe sun ce cin amana aka yi musu saboda shi ba Bayarabe ba ne. Mutanen Awolowo sun ce waɗannan wakilai ba su taɓa yankar katin NCNC ba, balle a ce sun fita. Mu dai ba alƙalai ba ne. Abin lura shi ne, a wannan rana 'yan siyasar ƙasar nan suka gane cewa ana iya faɗuwa a akwati a ci a zauren majalisa. Tun daga nan ba su manta wannan karatu ba.

Kada kuma a ce abin na Kudu ne kawai. A zaɓen tarayya na 1959, NPC ta samu kujeru 134 daga cikin 312, wato ba ta kai rabi ba, dole ta haɗa gwamnati da NCNC. Amma sannu a hankali 'yan takara masu zaman kansu da wasu 'yan adawa suka riƙa kwararowa cikinta, har ta samu rinjaye ita kaɗai ba tare da an sake zaɓe ba.

RANAR DA AKA KARYA SANDAR MAJALISA

Wanda ya fi taɓa iyayenmu shi ne na 1962. Rigima ta shiga tsakanin Awolowo da mataimakinsa, Firimiya Akintola. Jam'iyya ta ce Akintola ya sauka a naɗa Alhaji Dauda Adegbenro, shi kuwa ya ƙi. Ranar 25 ga Mayu, 1962, majalisa ta zauna a Agodi, nan kusa da mu, don a ƙirga wa ke da rinjaye. Ba a kai ga ƙirgen ba. Aka yi ta jifa da kujeru, aka karya sandar majalisa, sai da 'yan sanda suka watsa barkonon tsohuwa. Bayan kwana huɗu gwamnatin Tafawa Ɓalewa ta sa dokar ta-ɓaci a Jihar Yamma, ta naɗa Dokta Majekodunmi kantoma.

A farkon 1963 Akintola ya koma kan kujerarsa da sabuwar jam'iyya, UPP, wadda ya gina da 'yan majalisar da suka baro Action Group, ya haɗa gwiwa da NCNC. A 1964 kuma 'yan majalisar NCNC na Yamma da dama suka bar tasu, aka narke aka zama NNDP. Ku duba da kyau, jama'a: jam'iyyar da ke mulkin Jihar Yamma a lokacin, babu mutum ɗaya da ya taɓa jefa mata ƙuri'a a zaɓen majalisar jihar. A cikin zaure aka haife ta.

Mutane suka haɗiye fushinsu suna jiran zaɓe. Da aka yi zaɓen Oktoba na 1965 suka ga an murɗe, sai wuta ta tashi, irin wadda ake watsa wa mutum ko gidansa fetur a kunna ashana. NNDP kuwa ƙawar NPC ce a lokacin, don haka duk Bahaushen da aka gani ana yi masa kallon mutumin Sardauna, abokin Akintola, ko da bai san ƙofar ofishin jam'iyya ba. Dattawanmu sun ba mu labarin yadda hanya ta zama abin tsoro, huhun goro ya kwana a ƙasa babu motar ɗauka, mai shanu ya rasa yadda zai karɓo bashinsa wurin mahauta. Ranar 15 ga Janairu, 1966, soja suka yi juyin mulki, aka kashe Sardauna da Tafawa Ɓalewa da Akintola. Ba mu ce sauya sheƙa ce kaɗai ta jawo wannan ba, amma tana cikin itacen da aka hura wutar da shi.

YADDA AKA YI DOKAR

Waɗanda suka rubuta tsarin mulkin 1979 sun ga wannan duka da idonsu, jiki magayi. Sai suka sa doka cewa duk ɗan majalisar da jam'iyya ta tsayar ya ci, in ya shiga wata jam'iyyar kafin wa'adinsa ya cika, ya rasa kujerarsa. Wannan doka ita aka kwafo cikin tsarin mulkin 1999. Tana sashe na 68 ga 'yan majalisar tarayya, da sashe na 109 ga na jihohi. Ke nan mai cewa akwai doka ya yi gaskiya.

Sai dai an gina katangar an bar mata kafa uku. Ta farko, dokar ta ce in jam'iyyar mutum ta dare gida biyu, ko ta narke cikin wata, to ya fita da kujerarsa ba laifi. Ta biyu, wanda zai zartar da cewa kujera ta zama babu kowa shi ne shugaban majalisar, wato Kakaki ko Shugaban Dattawa, wanda shi ma ɗan jam'iyya ne. Ta uku, dokar ba ta ambaci gwamna ko shugaban ƙasa ko mataimakansu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, wannan kuwa tun ranar gini da tsagarsa.

Ba a daɗe ba aka fara bi ta kafar. A Jamhuriya ta Biyu PRP ta rabu Santsi da Taɓo, GNPP ma ta dare. Gwamnan Borno, Muhammadu Goni, ya bar GNPP ya tsaya takara a UPN a 1983, magana ta kai Kotun Ƙoli, ta ce babu abin da zai hana shi tunda jam'iyyarsa ta riga ta rabu. A Kano kuwa Abubakar Rimi, da zai koma NPP a shekarar nan, sai ya ajiye kujerar gwamna, mataimakinsa Abdu Dawakin Tofa ya hau. Rimi ya shiga zaɓe, Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da shi. Wasu sun ce gudun shari'a ne ya sa ya sauka, wasu sun ce mutunci ne. Ko wanne ne, ya mayar wa masu kaya kayansu, ya sake tambayarsu, suka ba shi amsa. Muna yara a lokacin, amma mun ji yadda iyayenmu suka yi ta maganar a bakin masallaci. Irin wannan sauka ta yi wuya a bayansa.

ABIN DA KOTUNA SUKA CE

Da mulkin farar hula ya dawo a 1999, sai abin ya koma hannun lauyoyi. A ƙarshen 2006 Atiku Abubakar, yana mataimakin shugaban ƙasa, ya karɓi takarar jam'iyyar AC. Obasanjo ya ce kujerarsa ta faɗi. A 2007 Kotun Ƙoli ta ce a'a, tsarin mulki bai ce haka ba. A cikin shekarar dai, a shari'ar Rotimi Amaechi na Ribas, kotun ta ce jam'iyya ce ke cin zaɓe, ba ɗan takara ba. Mai sauraro sai ya rasa ta kamawa: in ƙuri'a ta jam'iyya ce, yaya mutum zai ɗauke ta ya kai wa wata?

Shari'ar da ta fi fito da ma'anar dokar ita ce ta Ifedayo Abegunde, ɗan majalisar wakilai daga Akure. Ya ci zaɓe a jam'iyyar Labour a 2011, ya koma ACN, ya ce ai jam'iyyarsa ta rabu a Jihar Ondo. Kotun Ƙoli ta ce rigimar reshen jiha ba ta isa hujja ba, sai in uwar jam'iyya ce ta ƙasa ta dare har ta kasa aiki. Ta ce ya sauka. Hukunci mai kyau. Amma yaushe aka yanke shi? A 2015, saura 'yan watanni wa'adinsa ya ƙare. Ya riga ya cinye kusan shekara huɗu a kan kujerar. Ihu bayan hari ke nan.

Ana cikin wannan shari'a ne aka yi gagarumar ƙaura. A Nuwamba 2013 gwamnoni biyar na PDP suka koma APC, har da Kwankwaso na Kano da Wamakko na Sakkwato. A Disamba 'yan majalisar wakilai 37 suka bi su rana ɗaya. A Oktoba 2014 shi kansa Kakakin Majalisa, Aminu Waziri Tambuwal, ya sanar da komawarsa APC. To wa zai ce wa Kakaki kujerarka ta faɗi, alhali shi doka ta ba wuƙar? PDP ta yi ta kururuwar a bi doka. A Yuli 2018 sai reshe ya juye da mujiya: sanatoci fiye da goma da wakilai masu yawa suka bar APC, Shugaban Dattawa Bukola Saraki ya bi bayansu zuwa PDP. A lokacin sai APC ta koma kururuwar a bi doka, PDP na tafi. Kowa yana tuna dokar ne ranar da aka fita daga gidansa, ya manta ta ranar da aka shigo masa.

Na Zamfara ma abin dubawa ne. A 2019 Kotun Ƙoli ta soke ƙuri'un APC gaba ɗaya saboda ba ta yi zaɓen fid da gwani yadda ya kamata ba, aka ba Bello Matawalle na PDP gwamna. A 2021 ya ɗauki kujerar ya koma APC ɗin. A Ebonyi wata babbar kotun tarayya ta tsige Gwamna Umahi a 2022 saboda ya bar PDP, kotun ɗaukaka ƙara ta rushe hukuncin.

Sai na Fatakwal, wanda ya tuna wa tsofaffinmu 1962. A Disamba 2023 'yan majalisar Jihar Ribas 27 daga cikin 32 suka sanar sun bar PDP sun koma APC, suna rigima da Gwamna Fubara. Gwamna ya ce kujerunsu sun faɗi, aka rushe ginin majalisa, ya kai kasafin kuɗi gaban mutum huɗu. A Fabrairu 2025 Kotun Ƙoli ta ce ba a kawo mata hujjar sun bar PDP ba, su ne majalisa. A watan Maris Shugaba Tinubu ya sa dokar ta-ɓaci, ya naɗa kantoma na wata shida. Shekara 63 tsakani, ga doka a rubuce, amma ƙarshen labarin iri ɗaya: majalisa a rufe, kantoma a kan kujera, talaka ba wakili. A cikin 2025 ɗin dai gwamnonin Delta da Akwa Ibom da Inugu da Bayelsa suka bar PDP, 'yan majalisunsu da yawa suka rufa musu baya.

TO A ƘARA TSAURARA DOKAR MANA?

Wani zai ce maganin abin a toshe kafofin nan, a ɗaure ɗan majalisa tamau. A yi hattara. Ƙasar Indiya ta gwada. A 1967 wani ɗan majalisar jiha mai suna Gaya Lal ya canza jam'iyya sau uku cikin 'yan kwanaki, har sunansa ya zama abin habaici. A 1985 suka yi doka mai tsanani: ba fita kaɗai ba, ko ƙuri'a ka jefa a majalisa saɓanin umurnin jam'iyya, kujerarka na iya tafiya. A 2003 suka ƙara ɗaure ta. Me ya biyo baya? Ɗan majalisa ya zama bawan shugabannin jam'iyya, ba ya iya cewa a'a ko da abin zai cuci mazaɓarsa. Masu saye kuwa ba su daina ba, sai suka daina sayen ɗai-ɗai suka koma sari, tunda dokar ta yarda in kashi biyu cikin uku suka tafi tare.

Mu ma nan abin da tamu dokar ta koya wa 'yan siyasa ke nan. Ba ta hana tafiya ba, ta koya musu tafiya a ayari, da ƙirƙiro rigima a jam'iyya don a samu hujja. Kuma a faɗi gaskiya, ba duk mai fita ne maci amana ba. Akwai wanda ubangidan siyasa ya ƙwace masa jam'iyya, ya hana shi takara don ya ƙi miƙa wuya. A ƙasar nan kuwa ba a tsayawa zaɓe sai da jam'iyya. In ka ce irin wannan ba shi da mafita, ka ƙara wa ubangidan ƙarfi ne.

Ga inda muke ganin kuskuren yake. Dokar ta tsaya raba gardama tsakanin ɗan majalisa da jam'iyyarsa, ta manta da mai kayan. A Islamiyya malamanmu sun karantar da mu babin wakilci: wakili ba ya wuce abin da wanda ya wakilta shi ya yarje masa. Mu 'yan kasuwa ma mun san wannan ba sai an buɗe littafi ba. In Bafatake ya sauke kaya a gidan fatoma, dillali ya samu mai saye da wani farashi daban, ba ya sallamawa sai ya koma ya tambayi mai kaya. Kujerar majalisa ba ta ɗan majalisa ba ce, ba ta jam'iyya ba ce, ta waɗanda suka sha rana a layi ce. Su ne kaɗai ba a tambaya. An ce akwai kiranye a sashe na 69, amma sai fiye da rabin masu rajista a mazaɓa sun sa hannu, an tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama. An gwada a kan Sanata Dino Melaye a 2018, abin ya mutu tun a wurin tantance sa hannu.

INA RUWANMU?

Ruwanmu ya fi na kowa. Sabo ta kafu tun 1916, an haifi kakannin wasunmu a nan, amma har yau da wuya ka ga ɗanmu a majalisar jiha. Ɗan gari in wakilinsa ya sauya sheƙa, yana da hanyar isa gare shi, ta dangi ko ta sarauta ko ta surukuta. Mu ba mu da jingina sai ƙuri'a, kuma yawanci a dunƙule muke ba da ita, bisa alkawarin da aka ƙulla da jam'iyya a gaban shugabanninmu.

Mun gani a unguwar nan. Wani ɗan takara ya zo da mutanen jam'iyyarsa, aka zauna, aka yi alkawarin gyara magudanar ruwa da ke cinye mana rumfuna duk damina. Muka fito maza da mata muka zaɓe shi, har muka ɓata da maƙwabtanmu da ke ɗaya jam'iyyar. Bai shekara biyu ba ya koma wurin waɗanda muka ƙi dominsa. Muka je tsohuwar jam'iyya, suka ce ai mutuminku ya gudu. Muka je sabuwa, suka ce ai ku ba ku zaɓe mu ba. Shi ya samu sababbin abokai, mu aka bar mu da tsofaffin abokan gaba. Magudanar tana nan yadda take.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wanda ya karɓi turmin atamfa da mudun shinkafa ranar zaɓe ya riga ya sayar, ba shi da bakin cewa don me aka sake sayarwa gaba.

SHAWARA

Ga masu gyaran tsarin mulki, roƙonmu ba mai yawa ba ne. Wanda zai fita ya fita, ba a tsare kowa a gidan da ba ya so, amma ya ajiye kujera ya dawo a yi zaɓen cike gurbi. In mutane na tare da shi, za su mayar da shi. A cire wuƙar daga hannun Kakaki. A sa wa irin wannan shari'a wa'adi, kamar yadda aka sa wa kotun ƙarar zaɓe kwana 180. Kuma dokar ta hau kan gwamna kamar yadda ta hau kan ɗan majalisa.

Mu kuma namu aikin yana hannunmu. Kowa ya yanki katin zaɓe a nan inda yake zaune yake biyan haraji, ba sai ya tafi gida ba. In ɗan takara ya zo, a ƙulla magana da shi kansa, a rubuce, da shaidu, a gaban Sarki da Liman da shugabannin matasa da na mata, a tambaye shi ƙiri-ƙiri: in ka bar jam'iyyar nan, ina matsayin alkawarinmu? A ajiye takardar, a fito da ita bayan shekara huɗu. Sannan kada mu sake ɓatawa da maƙwabci Bayarabe, ko mu raba sahun masallaci, saboda tutar da mai ita zai iya yar da ita gobe da safe. Waɗanda muka ga sun yi baram-baram a 2014 mun gan su a inuwa ɗaya a 2018. Su suna shiryawa a Abuja, mu ne za mu ci gaba da haɗuwa a bakin famfo ɗaya.

Allah Ya ba mu shugabanni masu riƙon amana, Ya sa mu ma mu zama masu riƙon ta. Allah Ya zaunar da Sabo lafiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya, Ya jiƙan magabatanmu. Amin.